Shin Ya Kamata a Fasa Gidan Roba a Ciro Kwandalar da Ta Samu Aibi?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ya aiko da tambaya a kan wata dalar azurfa ta Amurka, samfurin Morgan, wadda ya saya a cikin gidan robar nan mai hatimi da kamfanonin tantancewa suke rufe kwandala a ciki. Ya ce takardar da ke cikin gidan ba ta ɗauke da lambar maki, an dai rubuta cewa an taɓa goge kwandalar. Robar kuma ta sha karce har fuskar kwandalar ba ta fitowa sosai, sannan kwanan nan ya hango wani ɗigo kore kusa da gefe wanda bai tuna ya gan shi ba a lokacin da ya saya. Yana son ya sani: ya fasa gidan ya ciro ta, ko ya bar ta yadda take?

Malam, matsaloli uku ka haɗa a tambaya guda, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take iya wajabta buɗe gidan nan, wato ɗigon kore. Ita ma ɗin ban so ya zama kai ne za ka buɗe da hannunka ba. Ma'aunin da nake amfani da shi tun da daɗewa shi ne a tambayi kai ko aibin da ke jikin kwandalar matacce ne ko rayayye. Matacce shi ne wanda ya auku ya gama aukuwa, kamar goga, karce, lotsawar gefe ko huji. Rayayye shi ne wanda yake ci gaba da cin ƙarfen a wannan lokaci da muke magana. Fasa gida ba ya warkar da na farko ko kaɗan, na biyu kuwa barinsa a rufe yana ƙara masa lokaci ne kawai.

Kafin mu je ga ɗigon, yana da kyau ka san abin da kake riƙe da shi, domin mutane da yawa suna ɗaukar gidan robar a matsayin kariya kawai, alhali kariyar ita ce mafi ƙanƙantar amfaninsa. Tun da aka kafa kamfanin PCGS a 1986, NGC kuma a 1987, abin da suke sayarwa shi ne shaida: cewa kwandalar ta gaskiya ce ba jabu ba, kuma ga matsayin lafiyarta a kan ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, wanda ya tashi daga 1 zuwa 70. Ana liƙe ɓangarori biyu na robar da na'ura ta yadda ba za a buɗe ba tare da an bar alama ba, kuma wannan liƙin shi ne yake ɗaure shaidar da wannan kwandala takamaimai. Da zarar ka fasa, takardar ta zama takarda kawai, domin babu mai iya tabbatar da cewa kwandalar da ke hannunka ita ce wadda aka yi wa shaidar. Lamunin kamfanin ya faɗi nan take, ko da ka ajiye takardar da gutsattsarin robar gaba ɗaya a ambulan guda.

To, za ka iya cewa ai taka ba ta samu maki ba, me za ka yi asara? A nan ne mutane suka fi yin kuskure. A da, idan kwandala tana da aibi, manyan kamfanonin biyu sukan mayar da ita ne a 'yar leda ba tare da sun rufe ta ba. Daga baya suka fara rufe irin waɗannan, suna rubuta kalmar Genuine (ta gaskiya) ko Details (mai aibi, ba maki) tare da bayanin aibin. PCGS har lambobi yake da su na wannan, inda 92 ke nufin goga, 97 lalacewa daga muhalli, 98 kuma rauni a jikin ƙarfen. Irin wannan takarda ta hana ka maki, amma ta ba ka abin da sau da yawa ya fi makin tsada, wato tabbacin cewa kwandalar ba jabu ba ce. Idan dalarka ta shekarar da aka buga da yawa ce, wannan tabbacin bai kai ya kawo ba. Idan kuwa irin ta 1893 ce ta masana'antar San Faransisko, wadda dubu 100 kacal aka buga, to gidan robar nan shi ne rabin darajarta, saboda masu jabu sun daɗe suna ɗaukar dalar 1893 ta wata masana'anta su liƙa mata harafin S, alamar San Faransisko. Haka abin yake ga kwandalar santi ɗaya ta Lincoln ta 1909 mai haruffan S da VDB, wadda aka buga 484,000, da kuma kwandalar santi goma ta 1916 mai harafin D, wadda aka buga 264,000. Duk wanda ya san kasuwa, idan aka miƙa masa ɗaya daga cikin waɗannan tsirara ba gida, zato na farko da zai yi shi ne jabu ce, kuma farashin da zai taya zai nuna wannan zaton. Saboda haka duba shekarar dalarka da harafin da ke bayanta, a ƙarƙashin ganyen da ya kewaye gaggafa, kafin ka ƙara tunanin guduma.

Maganar goga kuwa, ina so in tsaya a kanta, domin na ga tana sa mutane kashe kuɗi a banza. Sheƙin sabuwar kwandala ba fenti ba ne da aka shafa mata. A lokacin bugu, ƙarfen yana malalawa daga tsakiya zuwa gefe a ƙarƙashin matsi mai tsanani, ya bar wasu layuka ƙanana da ido ba ya rarrabe su, kuma su ne suke juya haske idan ka karkata kwandalar. Wanda ya sa tsumma ko garin goge ƙarfe ya share waɗannan layukan, ya maye gurbinsu da siraran karce masu tafiya gefe guda. Wanda kuma ya daɗe da tsoma ta a ruwan sinadari ya cinye su, ya bar fuskar a dushe. A duka biyun ƙarfe ne ya tafi, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Akwai masu fasa gida su ajiye kwandalar a ambulan takarda ko kusa da taga na shekaru domin ta sake yin duhu, da fatan duhun zai rufe alamar gogar idan aka sake aikawa. Ba zan ce hakan bai taɓa yin nasara ba, domin tantancewa aikin ido ne na ɗan Adam, kuma kwandalar da gogarta ba ta yi tsanani ba tana iya samun hukunci daban a karo na biyu. Amma wadda karcen gogarta yake fitowa fili a ƙarƙashin fitila guda idan an juya ta, za ta dawo da hukuncin da ta tafi da shi, ka biya kuɗin tantancewa da na aikawa da na inshora sau biyu a kan amsa ɗaya.

Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, kuma ba ina zarginka da shi ba ne, amma tilas a ambace shi. Wasu suna fasa gidan ne domin kalmar da ke nuna aibi ta ɓace, su sayar da kwandalar ga wanda idonsa bai ƙware ba kamar lafiyayya. Wannan algus ne, ko da ba a furta ƙarya da baki ba. Idan wata rana ka ciro ta saboda wani dalili mai kyau, kuma ka zo sayarwa, faɗa wa mai saye abin da takardar ta ce, ka ba shi ita ya gani.

Karcen roba shi ne mafi sauƙi, ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Kamfanonin suna da hidimar sauya gida, inda za ka aika kwandalar a cikin tsohon gidanta su mayar da ita sabo da hukuncinta na da, muddin hatimin bai nuna alamar an taɓa shi ba kuma kwandalar ba ta sauya ba. Idan karcen bai yi zurfi ba ma, man goge roba da tsumma mai laushi sun isa. Sai dai ka lura da shekarun gidan kafin ka sauya shi, domin wasu tsofaffin gidaje su kansu abin tarawa ne: gidajen farko na PCGS na tsakanin 1986 da 1989, waɗanda kwandala take ɗan motsi a cikinsu, da masu koriyar takarda da suka biyo baya, da baƙin gidan NGC na farkon kafuwarsa, duk akwai masu biyan ƙari dominsu. Haka nan gidajen da hukumar GSA ta gwamnatin Amurka ta sayar da dalolin masana'antar Carson City a ciki tsakanin 1972 da 1980. An fasa da yawa a baya, yanzu kuma darajarsu ta sa ana tantance kwandalar a cikin gidan nata na asali ba tare da an buɗe ba. Idan kuma takardar tana ɗauke da asalin kwandalar, kamar sunan wani shahararren mai tarawa ko na jirgin ruwan SS Central America da ya nutse a 1857, ko akwai 'yar koriyar sitikar CAC, kamfanin da yake sake duba kwandalolin da aka riga aka tantance, a jikin robar, to fasawa tana yanke wannan nasaba ne, kuma dawo da ita yana da wuya ƙwarai.

Yanzu ga ɗigon kore, wanda shi ne ya sa na ɗauki tambayarka da muhimmanci. Abu na farko shi ne ka tabbatar a jikin ƙarfen yake ba a jikin robar ba. Ɗauki madubin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma, ka karkata gidan a ƙarƙashin haske. Idan ɗigon yana saman robar za ka ga tazara tsakaninsa da fuskar kwandalar, wani lokaci har da inuwarsa. Abu na biyu shi ne ka shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin na intanet, domin kwandaloli da yawa an ɗauki hotonsu a lokacin da aka rufe su, kuma wannan hoton zai gaya maka ko ɗigon tsoho ne. Idan babu hoto, ɗauki naka yau, ka sake ɗauka bayan makonni huɗu ko shida da haske iri ɗaya da nisa iri ɗaya. Ƙwaƙwalwa ba abin dogara ba ce a wannan aiki, domin wanda ya fara damuwa da tabo kullum gani yake ya ƙaru.

Kore a jikin azurfa yakan fito ne daga ɗayan wurare biyu. Dalar Morgan kashi 90 cikin 100 azurfa ce, kashi 10 jan ƙarfe, kuma jan ƙarfen nan shi ne yake yin kore idan ya haɗu da abin da zai ci shi. Abin da ya fi yawan cin sa shi ne ragowar ledar PVC. Shekaru da yawa ana ajiye kwandaloli a 'yan aljihunan leda masu laushi, kuma sinadarin da ake zubawa domin ledar ta yi laushi yakan tsatso da zafi da daɗewa ya kwanta a kan ƙarfen kamar maiƙo, sannan ledar tana sakin sinadari mai ɗauke da kulorin wanda idan ya samu danshi yake zama asid. Da farko za ka ga kamar hazo ne ko danƙo mai launin kore-kore, kuma a wannan mataki ana iya cire shi ba tare da ya bar komai ba. Idan aka bar shi, sai ya huda fuskar ya bar ƙananan ramuka da ba su da magani. Kamfanonin ba sa rufe kwandalar da suka ga wannan ragowar a jikinta, amma ɗan kaɗan da ido bai kama ba yana iya shiga, ya bayyana bayan shekaru. Ya kamata kuma ka san cewa gidan robar ba ya hana iska da danshi shiga ɗari bisa ɗari. Yana rage su ne sosai. Shi ya sa kwandalar jan ƙarfe take iya rikiɗa daga ja zuwa ruwan ƙasa tana cikin gidanta.

Idan kwandalar tagulla ce ko jan ƙarfe zalla, musamman wadda ta daɗe a binne, akwai abin da ya fi wannan muni, wanda ake kira cutar tagulla. Gishirin kulorayid da ya shige cikin ƙarfen yana haɗuwa da danshi da iska ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe ya ƙara samar da gishirin, haka abin zai yi ta juyawa. Alamarsa gari ne mai launin kore mai haske da yake tasowa kamar ƙura, saɓanin tsohuwar tsanwa mai santsi da tauri wadda take kare ƙarfe kuma masu tarawa suke ƙauna. Wannan idan ya bayyana a cikin gida, babu jira. Akwai kuma farin tabo mai kama da ɗigon madara da yake fitowa a jikin sababbin kwandalolin azurfa, wani lokaci bayan an riga an rufe su. Shi wannan daga masana'anta yake, kuma ya riga ya haɗe da fuskar ƙarfen, don haka fasa gida dominsa ba ya haifar da komai sai karcen da mai gogewa zai ƙara.

To idan hotunanka suka nuna ɗigon yana girma, ko madubi ya nuna danƙo ne mai maiƙo, me za ka yi? Ka aika kwandalar yadda take, a cikin gidanta. NGC yana da sashen kula da lafiyar kwandala mai suna NCS, PCGS ma yana da hidimar gyara irin wannan. Su za su duba ta tun tana rufe, su buɗe, su cire abin da yake ciruwa, su sake tantancewa su rufe, kuma ta haka shaidar ba ta yanke ba ko na rana ɗaya. Karanta sharuɗɗan lamuninsu kafin ka aika, domin suna da hanyar sake duba kwandalar da mai ita yake ganin ta sauya, amma yawanci suna ware lalacewar da ta faru saboda mummunar ajiya, kuma lamunin launin jan ƙarfe yana da iyakoki na musamman. Ka kuma shirya zuciyarka: cire koren ba zai cire kalmar goga daga takardar ba, kuma idan asid ya riga ya ci wurin, za ka ga ɗan rami ko dushi a inda ɗigon yake. Abin da kake saye da kuɗin hidimar shi ne tsayar da ɓarna.

Akwai lissafin da ba zan ɓoye maka ba. Idan dalar ta gama-gari ce, mai goga, wadda darajarta ba ta wuce ta azurfar jikinta da yawa ba, kuɗin aikawa da gyara da sake rufewa suna iya zarce abin da kwandalar ta kai. A irin wannan hali ba na ganin laifin mutum ya buɗe da kansa, haka ma wanda yake cike gurabe a kundin kwandaloli kuma ba shi da niyyar sayarwa. Masu tara kuɗin daular Rum da na Girka ta dā ma sun saba fasa gidaje, saboda suna son su auna nauyi, su duba gefe, su riƙe abin a hannu, kuma kasuwarsu ta fi dogara da tarihin mallaka da amincin dillali fiye da lambar maki. Wannan ra'ayi ne da nake girmamawa, amma bai shafi dalar Morgan mai wuyar samu ba.

Idan ka yanke shawarar buɗewa, mafi yawan ɓarnar a cikin daƙiƙoƙin nan take aukuwa, kuma a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Na taɓa ganin kwandalar da ta shekara fiye da ɗari ba tabo, sukundireba ta zame daga bakin roba ta yi mata layi a kumatu. Kada ka cusa wani abu mai tsini a tsakanin ɓangarorin biyu yana fuskantar kwandalar. Ɗauki hoton gidan gaba da baya tukuna, ka sa tabarau na kariya domin robar tana tarwatsewa da kaifi, ka naɗe gidan a tawul mai kauri, ka yi aiki a kan tebur mai shimfiɗa mai laushi. Yi amfani da filaya mai yanka ka datse gefen robar a ɓangaren takarda, nesa da kwandalar, kaɗan-kaɗan har liƙin ya saki, sannan ka raba ɓangarorin da hannu a kwance. Ciro kwandalar tare da zoben ciki da yake riƙe da ita, ka lanƙwasa zoben ya sake ta, ka riƙe ta ta gefe kawai, kuma ka tabbatar babu ɓarɓashin roba a inda za ka ajiye ta.

Ragowar PVC tana narkewa a asiton tsantsa, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo wanda ba ya cin azurfa. Ban ce ruwan goge farce ba, domin shi yana ɗauke da turare da mai. Zuba asiton a kofin gilashi, a wurin da iska take shiga kuma nesa da wuta, domin yana kamawa da sauri. Tsoma kwandalar na 'yan mintuna, ka sauya ruwan da sabo sau biyu ko uku, ka bar ta ta bushe da kanta. Kada ka goga, ko da auduga ce, kuma kada asiton ya taɓa wata roba, domin zai narkar da ita ya shafa ta a jikin ƙarfen. Idan koren bai tafi da wannan ba, to ba danƙo ba ne, tsatsa ce da ta riga ta kama ƙarfe, kuma a nan aikinka ya ƙare. Duk wani sinadari mai ƙarfi da za ka gwada zai ƙara mata aibi na biyu a kan na farko. Daga nan sai ka sa ta a ƙwanƙon roba mai tauri wanda ba shi da PVC. Takardar kuma, idan ba za ka riƙe ta domin mai saye na gaba ba, mayar wa kamfanin, domin suna cire lambar daga ƙididdigar kwandalolin da suka tantance, kuma takardun da ba a mayar ba su ne suke kumbura wannan ƙididdiga har a ɗauka wata kwandala ta fi yawa fiye da yadda take.

A makonnin da za ka yi kana jiran hoto na biyu, fitar da gidan daga duk inda yake da danshi ko zafi, ka sa shi a akwati mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse laima, kuma ka raba shi da duk wata leda mai laushi, roba mai ɗaure kaya ko kwali. Wannan kaɗai yana rage saurin kowace irin tsatsa. Idan ka samu dama, aiko da shekarar dalar, da harafin masana'antar, da hoton takardar, domin da su ne zan iya gaya maka ko ta cancanci kuɗin aikawa ko kuwa kofin asiton ya ishe ta.